Kyankyaso da Gara a Gidajen Zariya: Gane Irin da ke Damunka Kafin ka Sayi Magani

Mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kan kyankyaso da gara a Zariya asara ake yi, kuma sau da yawa laifin ba na maganin ba ne. Mai gida zai shiga kasuwar Sabon Gari ya ce a ba shi maganin ƙwari mai ƙarfi, a miƙo masa kwalba ɗaya. Da ita zai feshe kicin, da ita zai feshe masai, ragowar ya tuttule a gindin ƙofar da gara ta ci. Alhali ƙwarin da ke waɗannan wurare uku ba iri ɗaya ba ne. Kowanne da makwancinsa, da inda yake samun ruwa, da yadda yake hayayyafa, kuma waɗannan ne ke nuna maganin da zai kama shi.

Kyankyaso da gara 'yan gida ɗaya ne. A 2007 binciken ƙwayoyin halitta da masana suka yi a gidan adana tarihin halittu na Landan ya tabbatar da cewa gara reshe ce a cikin dangin kyankyaso. Akwai irin kyankyaso kusan 4,600 a duniya, kimanin 30 ne kawai ke zama da mutane, gara kuwa ta kai iri 3,000. Sai dai zumuncin ya tsaya a asali. A wajen kyankyasai kowace mace uwa ce, duk wadda ta tsira daga feshi za ta sake cika gidan. A wajen gara uwa na can ƙarƙashin ƙasa, waɗanda kake gani a jikin katako ma'aikata ne da ba sa haihuwa, ko dubu nawa ka kashe ba ka taɓa tushen ba.

Ƙaramin kyankyaso na kicin

Shi ne mafi wuyar sha'ani, shi kuma aka fi yi wa maganin da bai dace ba. Sunansa na kimiyya Blattella germanica. Ana jingina shi ga Jamus, amma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna daga yankin Indiya da Bama ya taso, kimanin shekara 2,100 da suka wuce. Tsawonsa milimita 13 zuwa 16, ruwan ƙasa ne mai haske, da baƙaƙen layuka biyu a dogaye a bayan kansa. Yana da fiffike amma da wuya ka ga ya tashi. Ba ya zama a waje. A kwali yake shigowa, ko a firjin da aka sayo na hannu, ko a jakar ɗalibin da ya dawo daga ɗakin haya a Samaru ko Kongo, shi ya sa gidan da ake tsafta ma yana iya wayar gari da shi.

Abin da ya sa yake gagara shi ne macen tana yawo da jakar ƙwanta a maƙale a bayanta har gab da ƙyanƙyashewa, wajen mako huɗu. Jaka ɗaya ƙwai 30 zuwa 40 ne, mace ɗaya tana yin jaka huɗu zuwa takwas, kuma a ɗumin kicin 'ya'yan kan isa haihuwa cikin wata biyu. Macen da ke ɗauke da jaka ba ta cika fitowa ba, tana lafe a tsagar da feshi ba ya kaiwa: bayan injin firji inda ke da ɗumi, cikin maƙalar ƙofar kabad, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, cikin soket. Idan ka haska wurin za ka ga ɗige-ɗigen baƙin kashi a kusurwa, da wani wari mai nauyi. Ganinsa da rana tsaka alama ce ta cewa maɓoyar ta cika.

Maganin sauro na gwangwani zai kashe goman da ya taɓa, ya tarwatsa sauran su bazu zuwa ɗakin kwana. Ga shi kuma wannan iri ya yi suna wajen jure magungunan feshi. Abin da ya dace da shi maganin koto ne, mai kauri da ake sayarwa a cikin sirinji, wanda za ka ga an rubuta fipronil ko imidacloprid ko indoxacarb a jikinsa. Ana ɗiga shi ƙanana-ƙanana, girman ƙwayar dawa, ɗigo 20 zuwa 40 a matsakaicin kicin, a bakin kowace tsaga da aka ga kashi. Ɗigo da yawa ƙanana ya fi ɗigo biyar manya nesa ba kusa ba, domin ƙwaron ba ya nisa da maɓoyarsa. Wanda ya ci ba ya mutuwa nan take, sai ya koma cikin 'yan uwansa, ƙananan su ci kashinsa, wasu su ci gawarsa, dafin ya kai inda hannu ba ya kaiwa.

Abu uku ke ɓata wannan aiki. Na farko, a sa koto sannan a yi feshi a kansa. Warin feshin zai hana su kusantarsa. Na biyu, a kwana da kwanukan tuwo ba a wanke ba, ƙwaro ya ƙoshi ya ƙi kula koto. Na uku, hunturu: iskar Disamba da Janairu tana busar da ɗigon ya ƙandare, don haka a duba bayan mako biyu a sabunta. A kuma toshe ruwa. Wannan ƙwaro yana iya wata guda ba abinci in akwai ruwa, amma ba ya kai mako biyu in babu, saboda haka famfon da ke ɗiga da tiren ruwan bayan firji suna cikin maganin. Idan aka yi wata uku da koto iri ɗaya aka ga sun fara ƙinsa, a canza zuwa mai wani sinadari. Tun 1993 aka gano wasu zuriya a Amurka da suka daina cin sukarin da ake haɗa koton da shi.

Babban ja na masai

Periplaneta americana ke nan, wanda kowa ya sani: santimita 3 zuwa 4, ja mai sheƙi, da rawaya a gefen bayan kai, mai tashi ya faɗo wa mutum a daren zafin Maris da Afrilu. Asalinsa Afirka ne, jiragen ruwa suka kai shi Amurka. Duk da tsoron da yake ba mutane, ya fi ƙaramin sauƙi. Jakarsa ƙwai 14 zuwa 16 ne, macen tana ajiye ta cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗan kuma yana ɗaukar wata shida zuwa shekara kafin ya girma. Gidansa masai ne da sokawe da kwata, ɗaki wurin kiwo ne kawai. A cikin Birni da Tudun Wada, inda gidaje ke manne da juna kuma kwata ɗaya ta ratsa layi, ba a gama da shi daga gida ɗaya, amma ana iya tare masa hanya.

Aikinsa na magini ne kafin na mai feshi. Murfi mai zama daram a bakin masai, raga a kan bututun iska, siminti a tsagar murfin sokawe, raga a rariya, roba a ƙasan ƙofa. Akwai wata kafa da ake mantawa: lanƙwasar bututun banɗaki da ke riƙe ruwa. A banɗakin baƙi da ba a shiga, ruwan kan ƙafe da rani, hanya ta buɗe tun daga sokawe har tsakar ɗaki. Kofi biyu na ruwa duk mako ya wadatar. Bayan an yi wannan, a nan feshi yake da amfani, domin ƙwaron dole ya taka inda aka fesa kafin ya shigo. A fesa bangon sokawe ta ciki, da kewayen masai, da dokin ƙofa. A kan siminti ko bangon ƙasa a zaɓi maganin gari da ake damawa ko mai kaurin madara, domin wanda yake kamar mai, bango ne ke shanye shi. A toshe duk rariyoyin gida kafin a fesa sokawe, in ba haka ba ɗaruruwa za su ɓullo cikin ɗakuna a daren. Kada a zuba fetur ko kalanzir a masai. Iskar da ke taruwa a ramin tana kama wuta.

Akwai na uku da ake ɗauka ƙaramin kicin ne, Supella longipalpa, milimita 10 zuwa 14, mai ratsi biyu masu haske a gicciye maimakon a dogaye. Ba ruwansa da laima, bushewar Zariya ta yi masa daidai. A sama yake zama: bayan hoto da agogon bango, cikin talabijin da dikoda, saman kabad ɗin tufafi, kuma a nan yake manna jakar ƙwansa. Koto ne maganinsa shi ma, amma wanda ya ɗiga a kicin kaɗai bai yi komai ba, sai an bi falo da ɗakin kwana.

Dukkansu suna kwaso ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki zuwa kan abinci, kashinsu da saɓarsu kuma suna tayar da asma, musamman ga yara.

Gara: duba sojan, duba ƙasar

Garar da ke ɓarna a yankin Zariya kusan duk ta ƙasa ce, kuma manyan masu laifin irin gara ne masu noma: suna kai itace da kara cikin gidansu su shuka wani irin naman kaza a kai, shi suke ci. Wannan yana da muhimmanci wajen zaɓen magani, domin koton gara da ake tallarsa a intanet an yi shi ne don irin garar Amurka da Asiya da ba ta wannan noma, kuma bai cika tasiri a kan tamu ba. Kada a kashe kuɗi a kansa.

Idan ka fasa hanyar ƙasar da ta gina a bango, jira minti ɗaya sojojinta, wato masu gadin gidanta, su fito, su za su gaya maka ko wace ce. Soja babba mai jan kai, wanda ya haura santimita ɗaya da rabi, mai cizo har jini, zago ne, wato Macrotermes, mai dogon surin da ake gani a gonakin hanyar Shika da Giwa. Uwarsa kan wuce santimita 10, tana zuba ƙwai dubbai a rana, tana rayuwa fiye da shekara goma. Hanyoyinsa na ƙarƙashin ƙasa suna kaiwa kusan mita 50 daga suri. Matsakaiciya, mai lulluɓe jikin bishiya ko katako da faffaɗan ɓawon ƙasa, Odontotermes ce. 'Yar mitsitsiya kuwa, milimita 3 zuwa 4, wadda ba ta suri ko kaɗan, Microtermes ce. Gidanta ƙananan ɗakuna ne a warwatse cikin ƙasa, ba inda za ka tona ka ce ga uwar. Ta ciki take cin abu ta cika gurbin da ƙasa, sai ka danna dokin ƙofa yatsa ya burma.

Akwai wadda ake zalunta. Ƙaramin suri mai kai a dunƙule, wanda bai cika wuce gwiwa ba, mai sojoji masu tsinin hanci da ba sa cizo, na Trinervitermes ne. Ciyawa take yanka, ba ta cin katakon gini. Zuba mata magani ɓarnar kuɗi ce da ɓata ƙasa. Haka surin zago da ke nesa da gini da shuka: ramukansa suna shigar da ruwan sama cikin ƙasa, shingen da ke fita daga cikinsa a farkon damina abinci ne ga mutane da kaji. A bar shi.

Ganin shinge a fitila a watan Mayu ko Yuni ba shaida ba ce cewa gida ya kamu, daga waje yake zuwa. Abin tsoro shi ne a ga yana fitowa daga tsagar daɓe ko gindin bango a cikin ɗaki. A kuma bambanta shi da tururuwa mai fiffike: na gara fikafikansa huɗu tsawonsu ɗaya, ba shi da siririn ƙugu, ƙahonninsa a miƙe, tururuwa ƙugunta a tsuke, ƙahonninta a lanƙwashe. Idan kuma gari ne ke zubowa daga kujera ko gado ba tare da ƙasa ba, a murza shi. Mai laushi sumul na ƙwaron katako ne. Ƙwayoyi masu tauri, milimita ɗaya-ɗaya, na garar busasshen katako ne, Cryptotermes, wadda ta fi yawa a kudu kuma a cikin kayan ɗaki take zuwa. Ita ba ta taɓa ƙasa, don haka maganin fandisho bai shafe ta ba. A fitar da kayan, a canza katakon da ya ciwu, a yi wa ramukan allurar magani.

Ga garar ƙasa, dabarar ita ce a sa shamaki tsakanin ƙasa da gini, kuma a nan ake cutar mutane da yawa, domin aikin na yawan ruwa ne. Kafin a zuba daɓe, kowace murabba'in mita tana buƙatar lita 4 zuwa 5 na haɗaɗɗen magani. Ɗaki mai mita 4 sau 4 zai sha lita 64 zuwa 80. A gidan da aka riga aka gina, ana haƙa rami a jikin fandisho, faɗin santimita 15, ana zuba lita 5 a kowace mita ga kowane zurfin santimita 30, ana mayar da ƙasar ana jiƙa ta. Gidan da kewayensa mita 40 ne zai ci lita 200, duro guda cur. Inda siminti ya rufe, sai a huda duk bayan santimita 30 a ɗura. Duk mai feshin da ya zo da goyon famfo ɗaya na lita 16 ya ce ya gama gida, bango kawai ya jiƙa.

Ƙarfin haɗin da aka saba shi ne kashi 0.05 cikin ɗari na imidacloprid ko 0.06 na fipronil. Idan kwalbar imidacloprid mai giram 200 a lita ce, mililita 2.5 ke nan a kowace litar ruwa, rabin lita a duro. Idan fipronil ne mai giram 50 a lita, mililita 12 a lita. A karanta takardar kwalbar, ita ce gaba. An fi son waɗannan biyun saboda gara ba ta jin su, tana ratsawa ta kwasa ta kai gida. Irin su cypermethrin korarta suke yi, sai ta bi layin har ta sami inda aka tsallake. Chlorpyrifos da aka daɗe ana amfani da shi hukumar NAFDAC ta sanar da janye shi daga kasuwa, su aldrin da dieldrin da Gammalin kuwa an haramta su tuntuni.

Kada a zuba a ƙasar da ta jiƙe sharkaf ko hadari na haɗuwa. A rufe da leda, a zuba kankare cikin kwana ɗaya, kada a bar lebura ya sake tona wurin don bututu ba a maimaita ba. Babban abin lura a Zariya shi ne rijiya, tunda gidaje da yawa suna da ita a tsakar gida. A ɓangaren da ke kusa da ita ba a tuttula magani a rami. A kwashe ƙasar a kan leda nesa, a gauraya ta da magani, ta tsane, a mayar. A killace kaji da zabi, fipronil yana kashe su, haka kifi da ƙudan zuma.

Sababbin unguwannin da ake yankawa a tsofaffin gonaki sun fi kowa shiga haɗari. Ana baje suri da katafila a ɗauka an gama, alhali ɗakin uwar, wani dunƙulen yumɓu mai tauri a tsakiyar gindin surin, yana nan daidai da doron ƙasa ko a ƙarƙashinsa. A tono shi, a zuba magani a ramin, a dawo a duba bayan damina, domin wani lokaci suna naɗa sabuwar uwa. A tumɓuke kututture, a kwashe guntayen katakon kafinta maimakon a binne su a cikon fandisho, a cika ramukan bulon fandisho da kankare domin ta cikinsu gara ke hawa har rufi ba a gani. A bar santimita 15 na gindin gini a buɗe, ba fulawa ba tarin itace, yadda hanyar ƙasa za ta fito fili.

Zaɓen katako rabin aikin ne. Magabata sun san wannan: azarar giginya da shahararren magini Babban Gwani ya yi aiki da ita a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu tana cikin itatuwan da gara ba ta so, musamman ɓangaren waje mai baƙin zare na tsohuwar bishiya. Kirya da kawo da loko da maɗaci suna da juriya, obeche da afara kuwa abincinta ne. Ko a itace mai kyau, zuciyar ce ke jurewa, farin gefen yana ciwuwa. Baƙin mai da ake shafawa bai wuce fatar katako ba. Idan za a sa maganin katako na Solignum ko makamancinsa, katakon ya bushe tukuna, a tsoma shi ya fi a shafa, kuma duk inda kafinta ya yanka ko ya huda a sake shafawa, domin ta nan take shiga.

A gona lissafin daban ne. Binciken da aka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980 ya nuna Microtermes na shiga saiwar gyaɗa ta kashe ta a tsaye, Odontotermes kuma tana kankare bayan kwanso, abin da ke buɗe ƙofa ga fumfunar da ke sa dafin aflatoxin. Ɓarnar tana tsananta idan ruwa ya ɗauke da wuri ko aka bar amfani ya daɗe bayan ya nuna. Cire gyaɗa da karya masara a kan kari ya fi feshi amfani, maganin gauraya iri kuma makonnin farko kawai yake karewa. Dashen itacen turare yana son magani a ramin dashe, darbejiya ta fi shi jurewa. Wanda ya kasa gane irin da ke gonarsa ya sa sojoji da ma'aikata a 'yar kwalba da sifirit ya kai wa masana ƙwari a cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru.

Idan kuɗin aiki ɗaya ne a hannu, gara a katakon rufi ko a dokin ƙofa ita ce farko, domin kowane wata ɓarnar ƙaruwa take kuma gyaran rufi ya ninka kuɗin magani. Idan akwai mai asma a gida, ko ana sana'ar abinci, ƙaramin kyankyaso ne farko, kuma sirinji ɗaya ko biyu sun isa. Babban ja yana iya jiran buhun siminti da raga.

Abu biyu kuwa ba su da gurbi a ɗakin da mutane ke kwana, ko wane ƙwaro ne. Sniper da fiya-fiya sinadarin dichlorvos ne, maganin gona. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni. Ƙwayar da ake sa wa buhunan wake da masara, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, iskar da take fitarwa tana ratsa silin da tsagar bango zuwa ɗakin maƙwabci, tana kisa, kuma ba ta da makari. Allin kyankyaso ma a nisanta shi da gidan da ke da masu rarrafe. Kafin a biya mai feshi, a sa ya nuna kwalbar da lambar NAFDAC, ya faɗi lita nawa zai haɗa, a tsaya a ga ya haɗa, a kuma yi yarjejeniyar zai dawo dubawa: bayan mako uku idan kyankyaso ne, bayan ruwan farko na damina idan gara ce.